Mutumin da Ya Kai Kukansa Wajen Goɗiya

A shekarar 1886 wani matashin likita ɗan Rasha mai suna Anton Chekhov ya buga wani ɗan gajeren labari da mutum zai karance kafin shayinsa ya huce. Sunansa Toska, wato irin ƙuncin nan da ke tokare ƙirji ya rasa mafita. Wani tsoho ne, Iona, yana sana'ar ɗaukar fasinja a keken doki a birnin Petersburg. Dare ya yi, dusar ƙanƙara na zuba, ta lulluɓe shi da goɗiyarsa sun yi fari fat. Ɗansa ya rasu bai cika mako ba, kuma har yanzu bai sami wanda ya zauna ya gaya wa ba.

Fasinjan farko hafsan soja ne. Iona ya waiwayo, ya motsa baki da ƙyar, ya ce ɗansa ya mutu cikin makon nan. Hafsan ya tambayi abin da ya kashe shi, amma kafin amsa ta kai ƙarshe ya ce masa ya ƙara sauri, sannan ya lumshe ido. Sai wasu samari uku suka shigo suna hayaniya. Da ya gaya musu, ɗayansu mai doro ya ce ai kowa ma mutuwa zai yi, ya kai masa duka a ƙeya don ya kori doki. Ya ga wani mai tsaron ƙofa, ya tambaye shi ƙarfe nawa, don dai ya sami bakin zaren hira. Mutumin ya faɗa masa lokaci, ya ce ya matsa daga nan. Ya koma masauki, wani saurayi abokin sana'a ya farka shan ruwa, Iona ya fara ba shi labari, ko da ya duba sai ya ga yaron ya ja mayafi ya koma barci. Abin da tsohon nan ke so bai taka kara ya karya ba: ya faɗi yadda ciwon ya fara, da abin da yaron ya ce kafin ya cika, da yadda aka yi jana'iza, da ranar da ya je asibiti karɓo tufafinsa. A ƙarshe ya fita wajen goɗiyar, ya tsaya kusa da ita yana cewa, a ce kina da ɗan duƙushi, ya mutu ya bar ki, ai za ki ji ciwo ko? Tana tauna ciyawa, tana hura masa numfashi a hannu, shi kuwa ya kwashe labarin duka ya gaya mata.

Na sha karanta labarin nan ina neman mugu a ciki, ban samu ba. Hafsan yana sauri ne. Samarin nishaɗi suka fito. Mai tsaron ƙofa aikinsa yake yi, saurayin kuma barci ne ya ci ƙarfinsa bayan wuni yana aiki. Da za a kai su gaban alƙali, babu wanda za a ci tararsa ko kwabo. Ra'ayina kuwa shi ne wannan rashin mugun shi ne abin tsoro. Mun saba ɗaukar halin ko-in-kula a matsayin ƙaramin laifi, ƙanen zalunci, abin da za a ce wa "ai shi bai yi komai ba". Marubutan da suka dubi abin da idon basira sun nuna cewa "bai yi komai ba" ɗin shi ne aikin da ya yi, kuma galibi da saninsa ya yi, yana da uzurin da ya tanada tun kafin a tambaye shi.

Uzurin nan shi ne abin da adabi ya fi labaran rediyo da jarida iya kamawa. Jarida za ta ce maka mutum kaza sun mutu, jama'a na kallo. Ba za ta shigar da kai cikin kan mai kallon ba, ka ji abin da ya gaya wa kansa a cikin daƙiƙa goman da ya tsaya. Albert Camus, ɗan Faransa haifaffen Aljeriya, ya yi wannan a littafinsa La Chute, wato Faɗuwa, na 1956. Mai ba da labarin, Clamence, babban lauya ne a Paris, wanda ya yi suna wajen kare marayu da matan da mazansu suka mutu. Yana son tsallakar da makafi titi. Wani dare a watan Nuwamba, ana yayyafi, ya bi ta kan wata gada a kogin Seine, ya wuce wata siririyar budurwa sanye da baƙaƙen kaya ta jingina da ƙarfen gadar. Bai yi nisa ba ya ji ƙarar faɗuwar mutum a ruwa, sai ihu, ihun yana bin ruwa yana nisa, sai shiru. Ya tsaya cak, bai waiwaya ba. Ya ce wa kansa lokaci ya ƙure, wurin kuma ya yi nisa. Ya tafi gida, bai sanar da kowa ba, ya ƙi duba jarida kwanakin da suka biyo baya.

Ƙin duba jaridar nan ya fi komai tsaya mini a rai. Wanda abu bai dame shi ba ko kaɗan ba zai guji jarida ba. Clamence ya san abin da ya yi, yana dai tsare kansa ne daga ganin sunan yarinyar. Daga baya sai ya tuna cewa idan ya tsallakar da makaho yakan ɗaga masa hula, alhali makaho ba ya gani. To wa yake ɗaga wa? 'Yan kallo. A kan gadar babu ɗan kallo ko ɗaya, shi ya sa alherinsa bai fito ba. Mutumin ya ƙare a wata mashaya a Amsterdam yana tare baƙi yana zayyana musu laifinsa, don su ma su ga nasu. Yarinyar ta mutu sau ɗaya, shi kuwa kullum sai ya koma kan gadar.

Wancan mutum ɗaya ne shi kaɗai cikin dare. Idan aka taru da yawa kuma da rana tsaka, abin ya fi muni, domin kowa yana jingina da na kusa da shi. Gabriel García Márquez na Kolombiya ya fitar da wani ɗan littafi a 1981 kan kisan da aka yi shelarsa tun kafin a aikata, ya gina shi a kan wani abu da ya faru da gaske a ƙasarsu a 1951. Wasu tagwaye, Pedro da Pablo Vicario, sun ɗauki wuƙaƙen yankan alade sun ce za su kashe wani saurayi, Santiago Nasar, don wanke mutuncin 'yar'uwarsu. Ba su ɓoye ba. Sun faɗa a wajen wasa wuƙa, sun faɗa a shagon mai sayar da madara, duk wanda suka gani sai sun gaya masa, har mai karatu ya fahimci neman wanda zai hana su suke yi. Wasu suka ce maye ne ke ɗibar su. Wasu suka ce ai tabbas an riga an gaya wa Santiago, tunda gari duk ya sani. Magajin gari ya ƙwace wuƙaƙen, ya sallame su gida, ya ga ya sauke nauyi. Da aka ce masa sun ɗauko wasu, sai ya biya ta kulob don tabbatar da lokacin wasan domino na daren. Limamin cocin garin ya ji labari, amma hidimar tarbar babban bishop ta mantar da shi. Wani ya tura takardar gargaɗi ta ƙarƙashin ƙofa, ba wanda ya ɗaga ta sai bayan an gama. A gaban jama'a aka kashe shi, a bakin ƙofar gidansu.

Hausawa na cewa jifa in ta wuce kaina, ta faɗa kan kowa. Muna faɗin haka muna dariya. Akwai ma wadda ta fi ta karɓuwa, wadda ake ɗauka wa'azi ce: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na daɗe ina mamakin yadda ba mu lura ba cewa ruwan yana hannunka, gemun da ke ci da wuta yana gabanka, amma naka aka ce ka jiƙa. Na san manufarta ita ce mutum ya ɗauki darasi, kada a ce ban fahimci karin magana ba. Duk da haka, garin su Santiago cike yake da masu jiƙaƙƙen gemu.

Wanda ya fi kowa shahara da magana kan wannan hali a zamaninmu shi ne Elie Wiesel, Bayahude haifaffen garin Sighet a Romaniya a 1928. Yana ɗan shekara 15 aka kwashe shi da danginsa zuwa Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi na Jamus suka riƙa hallaka Yahudawa, a 1944. Littafinsa La Nuit, wato Dare, ya fito da Faransanci a 1958, amma asalinsa mai tsawo da ya rubuta da harshen Yiddish ya fito a 1956 da sunan da ke nufin "Duniya Kuwa Ta Yi Shiru". Ranar 12 ga Afrilu, 1999, ya tsaya a fadar White House gaban shugaba Bill Clinton ya yi jawabi kan haɗarin ko-in-kula, ya tuna wa Amurkawa jirgin ruwan St. Louis. A 1939 jirgin ya taso daga Hamburg da 'yan gudun hijira sama da 900, Kyuba ta hana kusan dukkansu sauka, Amurka ta ƙi karɓarsu, ya juya Turai. Sama da 250 daga cikinsu sun halaka a kisan kiyashin da ya biyo baya.

Sai dai jawabin bai kai littafin nauyi ba a wurina, saboda a jawabi mutum yana nuna wasu da yatsa, a littafin kuwa yatsan yana juyowa. Da farko ya juyo kan mutanen garinsu. Akwai wani talaka mai hidimar wurin ibada, Moshe, wanda aka kora tare da Yahudawa baƙi, aka harbe su a daji, shi ya tsira da rauni a ƙafa. Ya dawo Sighet yana bin gida gida yana faɗin abin da ya gani. Suka ce ya taɓu, wasu suka ce neman tausayi yake. Waɗanda wuƙar ke shirin hawa wuyansu su ne suka fara yin kunnen uwar shegu. Sannan yatsan ya juyo kan marubucin kansa. A sansanin Buchenwald, ƙarshen Janairun 1945, mahaifinsa yana kwance yana fama da atini, yana kiran sunansa cikin dare. Wani jami'in tsaro ya zo ya buge shi da kulki a ka. Ɗan yana gadon sama yana ji, bai motsa ba, tsoro ya hana shi. Da gari ya waye wani ne kwance a gurbin uban. Wiesel ya rubuta cewa bai yi kuka ba, kuma can ƙasan zuciyarsa akwai wani abu mai kama da sauƙi. Ba zan zargi yaron da yunwa da duka suka mayar ƙashi da fata ba. Abin da littafin ya nuna shi ne azzalumi bai gama aikinsa ba sai ya koya wa wanda yake zalunta ya daina jin kukan na kusa da shi.

Akwai kuma wani wuri da ba a cika ambata ba. Ana wucewa da su cikin taragon jirgin ƙasa, wasu ma'aikata Jamusawa suka riƙa jefa gutsuren burodi ciki suna kallon yadda mayunwata ke kashe juna a kai. Bayan shekaru, Wiesel yana cikin jirgin ruwa a Aden, ya ga wata attajira 'yar Paris tana jefa wa yara tsabar kuɗi a ruwa, yaran suna nutso suna shaƙe juna. Ya roƙe ta ta daina. Ta ce ita fa tana son yin sadaka. Ashe mutum na iya miƙa hannu da kyauta alhali ko a jikinsa.

Mai karatu zai iya cewa, shi Wiesel ɗin fa? Tambayar tana kan hanya. Masu sukarsa sun daɗe suna cewa mutumin da ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1986, ya yi magana kan Bosniya da Ruwanda da Darfur, bakinsa ya yi nauyi kan wahalar Falasɗinawa. Ni ina ganin sukar tana da tushe. Amma ba ta rushe maganarsa ba, ƙara mata ƙarfi ta yi. Idan wanda ya ɗanɗana abin da jikinsa, ya ƙarar da rayuwarsa yana gargaɗi a kai, yana da ɓangaren da idonsa ba ya kaiwa, to ni da kai fa? Da wuya ka sami mutumin da ba ya tausayin kowa. Abin da ya cika duniya shi ne mai tausayi mai iyaka, wanda hawayensa ke tsayawa daidai inda "namu" suka ƙare. Wanda ya zagi Wiesel kan Falasɗinu, sannan ya ji an kashe mutanen wata ƙabila ko wani addini ya ce su suka jawo, sahu ɗaya suke.

Yanzu bari in ba wa ɗaya ɓangaren haƙƙinsa. Zuciya ɗaya ce, ba za ta ɗauki kukan duniya ba. Wayar da ke hannunmu tana kawo mana yaƙi da ambaliya da yunwa kafin mu wanke ido da safe, tana haɗa su da barkwanci da tallan takalmi a layi ɗaya. Likita ko ma'aikaciyar jinya da za su riƙa rushewa da kuka a kan kowane majinyaci ba za su kai ƙarshen mako ba. Dole mutum ya yi ɗan kanta a zuciya don ya rayu. Na yarda da wannan. Inda na ƙi yarda shi ne a mayar da wahalar da ke nesa hujjar tsallake wadda ke kusa. Babu wanda ya ce hafsan nan ya warware talaucin Rasha. Minti biyar na saurare aka nema, kuma yana zaune ne a keken, ba inda za shi sai an kai shi.

Marubucin Rasha Leo Tolstoy ya amsa wannan a shekarar da Toska ya fito, cikin labarin mutuwar Ivan Ilyich. Babban alƙali ne ke jinya. Da abokan aikinsa suka ji ya rasu, abin da ya fara zuwa ransu shi ne wa zai hau kujerarsa, wa kuma zai sami ƙarin girma. Lokacin jinyar, matarsa da likitoci suna ta yi masa ƙaryar cewa zai warke, don kada su fuskanci abin da ke gabansu. Mutum ɗaya ne ya yi masa amfani, baransa Gerasim, ɗan ƙauye marar ilimi. Ba shi da magani. Yana kwashe masa bahaya ba tare da yatsina fuska ba, yana ɗora ƙafafun maigidan a kafaɗunsa ya zauna haka har tsakar dare saboda hakan na rage masa zafi, kuma bai taɓa yi masa ƙarya kan mutuwa ba. Gerasim bai hana ajali ba, kamar yadda sauran ba su hana ba. Bambancinsa da su shi ne ya zauna. Wannan yana tuna mini hadisin ƙudusin nan da ke cikin Sahihu Muslim, inda Allah zai ce wa ɗan Adam ranar ƙiyama, na yi rashin lafiya ba ka duba ni ba, na nemi abinci ba ka ciyar da ni ba. Duk tuhumar a kan abin da ba a yi ba ce, kuma ba a tambayi kowa dalilin da ya sa bai warkar ba, dubiya kawai aka tambaya.

To ko karanta irin waɗannan littattafai na maganin cutar? Ina so in ce e, tunda ni mai son littafi ne, amma gaskiya ba ta bari. Masanin halayyar ɗan Adam William James ya kawo wani misali a littafinsa na 1890: wata attajira 'yar Rasha tana zaune a gidan wasan kwaikwayo tana sharɓar kuka saboda mutanen ƙirƙira da ke kan dandamali, direban keken dokinta kuwa yana waje sanyi na neman kashe shi yana jiranta. Kukan da aka yi wa littafi yana da daɗi, ba ya cin kuɗi, ba ya ɓata lokacin aiki, kuma yana barin mutum da jin cewa shi mai taushin zuciya ne. Iona na takarda ba zai roƙe ka komai ba, in ka gaji da shi ka rufe shafi. Abin da littafi zai iya yi, a ganina, ƙarami ne: ya sa ka haddace muryar uzurinka, ta yadda ranar da ka ji kanka kana cewa "lokaci ya ƙure" ko "ai wani zai yi", za ka gane ta. Ko za ka waiwaya bayan ka gane, wannan ba ya hannun marubuci.

Na faɗi haka ne don na gwada. A wani wuri da na taɓa aiki akwai dattijo mai gadi da muke gaisawa kullum. Wata safiya yana buɗe mini ƙofa ya ce, "Malam, yarinyar nan tawa jikin ya ƙi daɗi, kwana uku ke nan ba ta ci komai ba." Ya riƙe ƙofar bai sake ta ba, alamar akwai sauran magana. Na ce, "Ayya, Allah ya ba ta lafiya, Baba," ƙafata ko tsayawa ba ta yi ba. Ina da taro. A lokacin na riga na karanta Toska fiye da sau uku, har na taɓa ba wani labarinsa ina jinjina yadda mutane suke da taurin zuciya.

Kwanaki suka shige, muna gaisawa kamar kullum. Ran nan abin ya faɗo mini, na ce, "Af, Baba, ya mai jiki?" Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, ya ce, "Ai ta riga mu gidan gaskiya, Malam. Yau kwana goma sha ɗaya." Na yi salati, na yi masa ta'aziyya, na ce me ya sa bai gaya mini ba. Ya ce ya ga ina da ayyuka. Daga nan ya fara ba ni labarin daren da ta cika, yadda ta nemi ruwa, yadda ya fita neman abin hawa bai samu ba. Ina tsaye ina saurare, ina gyaɗa kai. Can sai na ga ya yi shiru a tsakiyar magana, ya ja ƙofar ya buɗe mini. Sai a lokacin na lura ashe agogon hannuna na duba.